Yadda zaka nemo tsoffin shirye-shiryen yara na wasan tanti a talabijin ɗin Amurka, ka gane shekararsu ta hanyar talla

In ka ci karo da irin tsohon bidiyon nan baƙi da fari na shirin yara na Amurka, wanda zaka ga wawaye masu jan hanci da giwa da masu tafiya kan igiya, to dan Allah kar ka tsallake tallan da ke ciki. Yawancin masu ɗora su a intanet basa rubuta shekara, wani 1950s kawai zai sa maka ya yi gaba abinsa, wani kuma ya sa shekarar da ba ita ba ce sam saboda shima kwafowa ya yi daga wani. Tallan nan da kake ganin ɓata lokaci ne, shi ne zai gaya maka wane shiri ne, wace shekara ce, kuma wa ya biya kuɗin.

Ga wanda bai san wasan ba, ka ɗauka kamar gardawa masu wasa da kura da maciji a bakin kasuwa, sai dai su can ana kafa ƙaton tanti ne da zagayayyen fage a tsakiya, a sayar da tikiti, a kawo dawakai da giwaye da masu alkafura da masu lilo a sama da 'yan barkwanci masu shafa fenti a fuska, sannan akwai mutum ɗaya mai doguwar hula da usur wanda shi ne sarkin fage, shi ke kiran kowane wasa. To da talabijin ta fara shiga gidaje a Amurka sai gidajen talabijin suka ga ai ga abu a shirye, ba sai an rubuta labari ba, ba sai an koya wa kowa komai ba, 'yan wasan suna nan suna neman aiki musamman lokacin sanyi da tantuna ke naɗe. A 1950 gidajen da ke da talabijin a Amurka kusan kashi 9 cikin 100 ne, kafin 1955 sun kai wajen kashi 65, kuma tsakanin waɗannan shekarun ne shirye-shiryen nan suka yi tashe. Mu a nan lokacin ko talabijin ɗin babu, sai 1959 aka buɗe ta Ibadan, ta Kaduna kuma 1962, lokacin yawancinsu ma sun mutu.

Fara da riƙe sunaye

Ba zaka samu komai ba in baka san me zaka rubuta a wajen nema ba, kuma sunayen dole ka rubuta su yadda suke da Turanci.

Babba a cikinsu shi ne Super Circus na tashar ABC, ya fara fita ƙasa baki ɗaya a Janairun 1949 daga Chicago, duk ranar Lahadi da yamma ƙarfe 5 zuwa 6 agogon gabashin Amurka, kai tsaye. Sarkin fage Claude Kirchner ne, dogon mutum mai babbar murya, wawaye uku Cliffy da Nicky da Scampy, sai Mary Hartline mai gashi ruwan zinare da ke riƙe da sanda a gaban 'yan badujala, wadda gaskiya ita ta fi kowa suna a shirin, har ana cewa iyaye maza ma saboda ita suke zama su kalla tare da yaran. Akwai wajen da ake kiran yara daga cikin 'yan kallo su zura hannu cikin kwalbar da aka cika da sulalla, abin da hannunka ya damƙo naka ne. In ka ga wannan to Super Circus kake kallo ko ba a rubuta ba. Masu ɗaukar nauyinsa sun haɗa da lemon Canada Dry, takalman yara na Weather Bird, niƙaƙƙiyar gyaɗar shafa wa burodi ta Peter Pan, cakulan ɗin Mars, sabulun Sweetheart, da Kellogg's masu konfilas.

Na biyu shi ne Big Top na CBS, ya fara 1 ga Yulin 1950 daga wani babban zaure a Camden da ke jihar New Jersey, daga baya aka mai da shi Philadelphia, tashar WCAU ce ke haɗa shi. Jack Sterling ne sarkin fage. Ɗaya daga cikin wawayen shi ne Ed McMahon, wanda daga baya ya shekara 30 yana zaune gefen Johnny Carson a shirin dare na NBC. Kamfanin madara da askirim na Sealtest ya ɗauki nauyinsa daga Janairun 1951, daga nan sunan shirin ma ya koma Sealtest Big Top, har wani ƙaƙƙarfa mai ɗaga ƙarfe Dan Lurie aka laƙaba masa Sealtest Dan the Muscle Man. Shirin ya kai 1957.

Sai ƙanana da basu daɗe ba, waɗanda sunan kamfani ma a jikin sunan shirin yake: Acrobat Ranch na 1950 na masu takalman Acrobat, Hollywood Junior Circus na kamfanin alewa na Hollywood, M&M's Candy Carnival, da Tootsie Hippodrome na masu alewar Tootsie Roll. Waɗannan samun cikakken shirinsu sai an tona sosai.

Kar ka haɗa da Circus Boy na 1956, shi labari ne na fim da aka tsara kan wani yaro maraya, ba wasanni ake kawowa ɗaya bayan ɗaya ba. Howdy Doody kuma shirin 'yan tsana ne duk da akwai wawa Clarabell a ciki, amma yana da amfani ka kalle shi don ganin yadda ake cusa wa yara talla, wajen nan babu wanda ya kai shi.

Inda zaka nema

Internet Archive da YouTube nan ne farko. Ka rubuta sunan shirin ka ƙara kalmar kinescope, wato kinaskof, fim ɗin da aka ɗauka daga allon talabijin, in bai kawo ba ka canza dabara ka haɗa sunan ɗan wasa da na kamfani, misali Mary Hartline Kellogg's, ko Cliffy Sugar Smacks, ko Sealtest Big Top commercial. Wannan dabarar ta fi kawo abu, saboda masu tara tsoffin tallace-tallace sun fi masu tara cikakken shiri yawa, sun yanke tallan sun ɗora shi daban. Kuma tunda hoton dama can dishi-dishi ne, ka sauke ingancin zuwa 240 ko 360 ka huta da ƙonewar data, babu abin da zaka rasa. Fassarar da YouTube ke rubutawa da kanta a ƙasa kar ka dogara da ita, da badujala da ihun yara duk rikita ta suke yi, sunan kamfani ma sai ta rubuta maka wani abu daban.

Ya kamata ka san dalilin da yasa hoton yake haka, don zai taimake ka ka rarrabe na gaske da wanda aka haɗa daga baya. Shirye-shiryen kai tsaye ake yinsu, kuma kafin 1956 da kamfanin Ampex ya fito da na'urar naɗar bidiyo a tef babu yadda za a adana su sai dai a kafa kyamarar fim a gaban allon talabijin tana ɗaukar abin da ke fita, wannan shi ne kinaskof. Ba don tarihi ake yinsa ba, don a aika wa tashoshin da wayar sadarwa bata kai garinsu ba ne su haska bayan sati ɗaya ko biyu, ko a ba kamfanin da ya biya ya ga an yi masa tallansa yadda ya kamata. Wayar ta haɗa gabashin ƙasar da yankin Chicago a Janairun 1949, bata kai gaɓar yamma ba sai Satumban 1951. In an gama da fim ɗin sau da yawa zubarwa ake yi, shi yasa shirin da ya shekara bakwai ana yi duk sati sai ka samu 'yan tsiraru ne suka rage. Alamar kinaskof: gefen hoton a ɗan lanƙwashe, duk abu mai ƙyalli kamar ƙaho na badujala ko rigar kyalkyali zaka ga baƙin zobe ya kewaye shi, fuskoki kuma su yi fari fat.

Wanda yake bincike na makaranta kuma yana buƙatar abin da babu a intanet, wuraren da ke ajiye irin waɗannan fina-finan su ne Paley Center a New York, taskar fim da talabijin ta jami'ar UCLA, ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, da Museum of Broadcast Communications a Chicago. Jerin abin da wasunsu suka mallaka ana iya dubawa ta intanet, kallon ne dai yawanci sai ka je.

Yanzu asalin aikin, karanta tallan

Nan ne daɗin yake. Tsarin wancan lokacin kamfani ba minti ɗaya yake saya a tsakiyar shiri ba, rabin awa ko awa guda yake saye ɗungurungum, kamfanin tallansa ma yana da baki a yadda ake tsara shirin. Kellogg's na tare da Leo Burnett na Chicago, Sealtest na tare da N. W. Ayer na Philadelphia. Shi yasa zaka ga sunan kamfani a jikin labule, a jikin ganga, a bakin fage. Super Circus awa ɗaya ne amma ana raba shi biyu, rabin farko na wannan kamfani rabin ƙarshe na wancan, wasu kamfanonin ma karɓa-karɓa suke yi, wannan sati kai wancan sati ni. To in ka ga bidiyo na minti 29 ko 30 kar ka ce an yanke, mai yiwuwa rabin kamfani ɗaya ne ya tsira.

Ka samu biro da takarda, ko ka buɗe wajen rubutu a waya, duk abin da aka ɗaga aka nuna wa kyamara ka rubuta sunansa da mintin da ya fito. Dokar mai sauƙi ce, ba a tallan abin da ba a ƙirƙira ba tukuna. Sugar Frosted Flakes mai damisa Tony ya fito 1952. Sugar Smacks ya fito 1953, kuma hoton Cliffy wawan Super Circus ɗin nan har a jikin kwalinsa an sa. M&M's mai gyaɗa a ciki 1954 ne. Kenan in ka ga Cliffy riƙe da kwalin Sugar Smacks ka san bidiyon bai gaza 1953 ba, ko da mai ɗorawa ya rantse maka 1950 ne.

Wannan ya baka ƙasa, saura sama. A ƙarshen 1955 ABC ta ɗauke Super Circus daga Chicago ta kai shi New York, aka canza mutane, Jerry Colonna mai ƙaton gashin baki da zaro ido ya zama sarkin fage, Sandy Wirth ta karɓi sanda, bai ƙara wata shida kirki ba ya mutu a tsakiyar 1956. To in Kirchner da Mary Hartline ne a fage ga kuma Sugar Smacks, ka kama shi tsakanin 1953 da 1955, ka rage shekara bakwai zuwa uku ba tare da ka buɗe littafi ko ɗaya ba. In kuma ka ji an ambaci sunan tashar ABC ta Chicago, WENR na nufin kafin Fabrairun 1953, WBKB na nufin bayan haka, don lokacin ne ABC ta haɗe da kamfanin gidajen silima na United Paramount sunan tashar ya canza.

Big Top ma haka. In babu Sealtest ko'ina to watannin farkon shirin ne, daga Yulin 1950 zuwa Janairun 1951, kuma in ka samu irin wannan ka riƙe shi da kyau. In tambarin idon nan na CBS ya fito a ƙarshe to bayan Oktoban 1951 ne, don kafin nan babu shi. Amma a kula, wani mai ɗorawa yana liƙa tambari ko talla daga wani waje don bidiyon ya yi kyau, ka duba ko kalar dishin hoton da ƙarar sautin sun zo ɗaya da sauran.

Sai kuma kyaututtukan aikawa ta gidan waya, waɗanda ni a wajena sune suka fi nuna wayon kamfanonin. Za a ce wa yaro ya yanke murfin kwali ya haɗa da 'yan sulalla ya aika a turo masa 'yar tsana ko zobe ko abin rufe fuska na wawa. Kuɗin da yaron ya aika ba shi ne ribar ba, kamfani so yake ya ƙirga wasiƙun ya san mutum nawa ke kallo kuma daga wane gari, sannan ga shi dole uwa ta sayi kwalin kafin a samu murfin. Ka tsayar da bidiyon daidai inda aka nuna adireshi. Na Kellogg's sau da yawa Battle Creek ne a Michigan, in babban birni ne zaka ga sunan gari da lamba ɗaya ko biyu a gabansa, tsohon tsarin shiyya kenan. Lambar nan mai alƙaluma biyar ta ZIP sai Yulin 1963 ta fara, to in ka ganta ba shirin shekarun 1950 kake kallo ba. Sunan kyautar ma ka rubuta, don masu sayar da tsoffin kayan wasa a intanet sukan sa hoton kwalin da shekararsa. Mary Hartline kaɗai kayan da aka yi da sunanta suna da yawa, 'yar tsanarta ta kamfanin Ideal mai jar riga har yau ana cinikinta.

Ka lura kuma da wanda ke yin tallan. Ba wani baƙo ake kawowa ba, wawan da ya gama ba yaro dariya yanzun nan shi ne zai juyo ya kalli kyamara ya ce ka gaya wa mama ta sayo maka, babu wani tsaiko tsakanin wasa da talla, yaro ɗan shekara biyar ina zai rarrabe. Gaskiya abin akwai rashin tausayi a ciki duk da yana da ban dariya in kana kallo yanzu. Iyaye mata a Massachusetts sun kafa ƙungiyar Action for Children's Television a 1968 suna yaƙi da irin wannan, hukumar sadarwa ta FCC ta fito da matsayinta a 1974 cewa mai gabatar da shirin yara kar ya yi talla a cikin shirinsa, sannan dokar 1990 ta ƙayyade talla a shirin yara zuwa minti 10 da rabi a awa a ƙarshen mako, minti 12 a sauran ranaku.

Tabbatarwa da mujallu

Hasashenka na shekara sai ka kai shi gaban takarda. Shafin World Radio History ya ɗora tsoffin mujallun harkar kyauta, Broadcasting da Sponsor da Billboard, akwai kuma Media History Digital Library mai wajen nema da ake kira Lantern. Sponsor ita ce ta fi maka amfani, a 1946 ta fara fita kuma a lokacin aikinta kenan, tana buga jadawalin shirye-shiryen manyan tashoshi da sunan kamfanin da ya saya da kamfanin tallansa, wani lokacin har da kuɗin haɗa shirin na sati. Ka buɗe fitowar shekarun da kake zargi ka duba layin Lahadi ƙarfe 5 na ABC don Super Circus ko Asabar da rana na CBS don Big Top, ka ga watannin da kamfanin da ka gani yake riƙe da wajen. Billboard kuma kafin ta zama ta waƙoƙi zalla tana da shafuka na masu wasan tanti, a ciki ake rubuta wace ƙungiyar 'yan alkafura ko wane mai giwa ne aka ɗauka ya fito a talabijin wane sati, to in sarkin fage ya kira sunan masu wasa ka rubuta shi ka nema, in ka yi sa'a har ranar zaka samu. Fayilolin manya ne, wasu suna cin data ba kaɗan ba, ka bari sai ka samu wayfai ko garaɓasar dare.

Bozo daban yake

Shi kar ka yi masa wancan lissafin kai tsaye, zai rikita ka. Bozo wani wawa ne da kamfanin faifai na Capitol ya ƙirƙira a 1946, ya fara fita a talabijin a tashar KTTV ta Los Angeles a 1949 da Pinto Colvig a cikin rigar. Daga baya Larry Harmon ya sayi haƙƙin sunan ya dinga ba tashoshi haya, kowane gari da Bozonsa, har Mexico da Brazil sun yi nasu. Kenan tambayar farko ba wace shekara ba ce, wane gari ne, kuma tallan ne zai gaya maka, don na shagunan garin ne da gidajen burodi da madara na yankin. Wanda ya fi suna shi ne Bozo's Circus na WGN a Chicago, ya fara Satumban 1961 da Bob Bell, akwai wasan jefa ƙwallo cikin bokitai shida a jere, layin tikitinsa ya taɓa kai wa jiran shekara goma, an rufe shi 2001. Na shekarun farko kaɗan ne suka tsira saboda ana goge tef a sake naɗa a kai.

Na Washington kuma ka neme shi da sunan Willard Scott, ya yi Bozo a tashar WRC daga 1959 zuwa 1962, masu shagunan abinci na McDonald's na garin suna cikin masu ɗaukar nauyi kuma sun ga yadda yara ke cika musu shago duk ranar da Bozo ya zo. Da tashar ta daina shirin sai suka ce to a yi musu nasu wawan, a 1963 Scott ɗin ya fito a matsayin Ronald McDonald na farko, da kofin takarda a hanci da tiren abinci a ka. Tallan yana nan a YouTube, gajere ne.

In so kake ka yanki wani ɓangare ka sa a naka bidiyon, kar ka ɗauka tunda tsoho ne ba shi da mai shi. Wasu shirye-shiryen ba a sabunta haƙƙin mallakarsu ba, amma waƙar da ke ciki tana iya zama da mai ita, kuma sunayen Bozo da Kellogg's da Mars da McDonald's duk suna da masu su har gobe. Ka duba bayanin da ke ƙarƙashin fayil ɗin a Internet Archive tukuna, ka ɗauki ɗan gajere ka yi naka bayanin a kai, sannan ka rubuta shekarar da ka gano da hujjar da ta baka ita, kwalin kaza a minti kaza, fitowar Sponsor ta wata kaza.